DARASIN TARBIYYA: Manhajojin Koyarwa na Waya da Ƙananan Yaranmu



Ya ku 'yan'uwa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu ne da ya shigo kusan kowane gida a zangunanmu, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara har Aboabo da Asawase a Kumasi. Wannan abu kuwa shi ne miƙa wa yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar wayar hannu ko kwamfutar tafin hannu, da sunan wai akwai abin karatu a ciki.

Dalilin da ya sa muka fuskanci matasa da wannan magana a fili yake. A mafi yawan gidajenmu mu ne masu riƙe da waya, mu ne muka san yadda ake sauko da manhaja, kuma mu ne iyaye mata ke kira su ce, "Zo ka sa wa ƙaninka abin ABC ɗin nan." Wasunmu ma sun riga sun zama iyaye. Saboda haka duk abin da ya shiga idon yaron nan da kunnensa ta hanyar waya, da hannunmu a ciki, kuma yaro amana ne.

MENE NE MANHAJAR KOYARWA?

Manhaja ita ce ɗan shirin da ake sauko da shi a cikin waya domin ya yi wani aiki. Ta koyarwa kuwa ita ce wadda masu ita suka ce tana koya wa yaro haruffa, ko ƙirga, ko launuka, ko sunayen dabbobi. Abin bai daɗe ba. A shekarar 2007 aka fito da iPhone, a 2008 aka buɗe kasuwar manhajoji ta kamfanin Apple kuma wayar Android ta farko ta fito, sannan a 2010 iPad ya shigo. Allon da ake taɓawa da yatsa shi ne ya buɗe wa jarirai ƙofa, domin yaron da bai iya riƙe fensir ba ya iya dangwala yatsa. Kafin shekarar 2015 manhajojin da aka yi wa laƙabin "na ilimi" a kasuwar Apple kaɗai sun kai wajen 80,000.

To, abin lura na farko shi ne, mai manhaja da kansa yake zaɓar rukunin da zai saka hajarsa. Ba sai wata ma'aikatar ilimi ta jarraba ta a kan yara ta tabbatar tana koyarwa ba. Ke nan kalmar "ilimi" da muke gani a jikinta kirarin mai kaya ne, kuma mai nono ba ta cewa nata ya yi tsami.

YADDA ƘARAMIN YARO YAKE KOYO

Kafin mu yanke hukunci a kan manhaja, ya kamata mu san yadda Allah Ya tsara koyon ƙaramin yaro. Masana sun daɗe suna bincike a kan wannan, kuma za mu kawo uku daga ciki.

Na farko, a shekarar 2003 wata masaniya mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washinton ta Amurka suka ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai suke ji a gida. Wasu aka zaunar da su da mai jin Sinanci yana yi musu wasa da karatu, zama 12, kowane zama kamar minti 25, cikin mako huɗu. Wasu aka nuna musu mutanen nan a talabijin suna yin irin wannan magana. Wasu kuma murya kaɗai aka sa musu. Da aka gwada, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci. Na talabijin da na murya kuwa, kamar ba su taɓa jin harshen ba.

Na biyu, a shekarar 2010 Judy DeLoache ta Jami'ar Bajiniya ta ba iyaye wani faifan bidiyo da ya yi suna wajen koya wa jarirai kalmomi. Yara 'yan wata 12 zuwa 18 suka yi wata guda suna kallo. Ba su koyi kalmomi fiye da waɗanda ba su kalla ba. Waɗanda suka fi kowa koyo su ne yaran da iyayensu suka koya musu kalmomin da baki, ba tare da bidiyo ba. Shekara ɗaya kafin haka, wato 2009, kamfanin Disney ya yarda zai mayar da kuɗi ga iyayen da suka sayi faifansa na Baby Einstein, bayan an ƙalubalanci iƙirarin cewa yana ilmantar da jarirai.

Na uku, a shekarar 2014 aka koya wa yara 'yan wata 24 zuwa 30 sababbin kalmomi ta hanya uku: ido da ido, da kiran bidiyo kai tsaye, da bidiyon da aka riga aka ɗauka. Sun koya ta hanya ta farko da ta biyu, ba su koya ta hanya ta uku ba.

Idan muka haɗa waɗannan uku za mu gane sirrin. Ƙaramin yaro yana koyo ne ta hanyar ba-ni-in-ba-ka. Ya nuna kaza da yatsa, uwa ta dubi inda ya duba ta ce, "Kaza ce, ga 'ya'yanta." Ya ce "aza", ta yi dariya ta maimaita masa. Amsar nan da ta zo daidai lokacin da hankalinsa ke kan abin, ita ce take dasa kalmar. Bidiyo ba ya sanin inda yaro ya duba, kuma manhajar da ke cewa "Madalla!" duk inda ya dangwala, ba amsa take ba shi ba. Haka kuma yaro ƙasa da shekara uku yana shan wahala wajen ɗauko abin da ya gani a shimfiɗaɗɗen allo ya gane shi a zahiri. Yana iya jera tubala a waya, amma a ba shi gwangwanayen madara uku ya ɗora, sai abin ya zama sabo a gare shi.

A nan akwai bushara ga gidajen da uba ko yaya ke Jamus, ko Amurka, ko Saudiyya. Kiran bidiyo da yaro ke gaisawa da mahaifinsa daban yake da kallon manhaja, domin akwai mutum a can ɓangaren da ke amsa masa, ga kuma sada zumunci.

ABIN DA MASANA LAFIYA SUKA SHAWARTA

A watan Afrilu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ga taƙaitawarsu:

1. Jariri ƙasa da shekara 1, da ɗan shekara 1: kada a zaunar da su gaban allo.
2. Ɗan shekara 2 zuwa 4: kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi.
3. Ɗan shekara 1 zuwa 4: ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini.
4. Barci: awa 11 zuwa 14 ga ɗan shekara 1 zuwa 2, awa 10 zuwa 13 ga ɗan shekara 3 zuwa 4, har da na rana.

Tun a 2016 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi makamancin haka: kafin wata 18 babu allo sai kiran bidiyo, daga wata 18 zuwa 24 sai tare da babba, daga shekara 2 zuwa 5 awa 1 na shiri mai inganci. A 2024 hukumar lafiyar jama'a ta Siwidin ita ma ta shawarci iyaye da su nisanta 'yan ƙasa da shekara 2 daga allo. Mu lura, 'yan'uwa, wannan gargaɗi ya fito ne daga ƙasashen da suka riga mu sanin waɗannan na'urori.

Mu lura kuma cewa awa ɗayar nan ta haɗa da komai: talabijin ɗin falo, da wayar uwa, da wayar yaya. A babban gida irin namu mai ɗakuna da yawa, yaro yana iya yin minti 20 a wannan ɗaki, minti 30 a wancan, kowa yana ganin ɗan kaɗan ya ba shi, alhali in an tara ya yi awa uku.

ABIN DA WAYA KE CINYEWA

Yinin yaro yana da iyaka. Duk awar da allo ya ɗauka, daga wani abu aka cire ta.

Tana cinye hira. A wani bincike da aka buga a 2024, an sa wa yara daga gidaje 220 a Ostireliya wata 'yar na'ura mai ƙirga maganar da ake yi kusa da su. An samu cewa 'yan shekara 3 suna yin kusan awa uku a gaban allo a yini, kuma an ƙiyasta hakan yana hana su jin kalmomi fiye da 1,000 daga bakin manya kowace rana.

Tana cinye haƙuri. A wani bincike na Jami'ar Mishigan a kan iyaye 422 masu yara 'yan shekara 3 zuwa 5, an ga cewa yaran da aka saba miƙa musu waya don su yi shiru sun fi saurin fushi da wuyar lallashi bayan wasu watanni, musamman maza. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, domin yaro mai rigima ma ya fi sa a miƙa masa waya. Amma hankali ya yarda da abin: yaron da kullum aka toshe kukansa da allo, yaushe zai koyi kwantar da kansa? Kuma ya riga ya gane cewa kuka shi ne kuɗin sayen waya.

Tana cinye barci, musamman in an ba shi da dare, domin hasken allo da zumuɗin wasa suna jinkirta barci.

Tana cinye harshe, kuma wannan ya fi shafarmu mu 'yan zango. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ta ɗauka domin koyarwa a makarantun boko. Ba ta da wurin zama sai gida, da kasuwa, da masallaci, da makaranta. Mafi yawan manhajojin yara kuwa da Turanci suke. Turanci yana jiran yaro a makarantar boko tun daga ajin share fage da ake shiga a shekara 4, ga Tuwi ko Ga suna jiransa a titi. Amma in ya rasa Hausa, ko Dagbanci, ko Kotokoli, ko duk harshen gidansu a shekarun farko, wa zai koya masa? Yaron da ya iya kiran launuka da Turanci amma bai iya gaida kakarsa ya amsa mata tambaya ba, mu tambayi kanmu ko riba muka ci.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Yawancinmu manhajar kyauta muke saukowa. To, mai ita da me yake ci? A 2018 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka duba manhajoji 135 da aka yi wa yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa. Kashi 95 cikin 100 suna ɗauke da wani nau'in talla. Na kyauta dukkansu suna da shi, na kuɗi ma kashi 88 cikin 100. Wasu tallan a ɓoye suke cikin wasan kamar kyauta, wasu kuma ɗan tsanan da yaro ke so ne yake nuna baƙin ciki in ba a sayi ƙarin mataki ba. Yaro ɗan shekara uku bai san bambancin talla da darasi ba.

Hanya ta biyu ita ce saye a cikin manhaja. A 2014 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 na sayayyar da yara suka yi ba da izini ba. Hanya ta uku ita ce tara bayanai. A 2019 Google da YouTube suka biya dala miliyan 170 a kan zargin tattara bayanan yara ba da yardar iyaye ba. Ga kuma datar da muke saye da sidinmu, wadda bidiyon talla ke zuƙewa. Bayan wannan duka, tallan da ke faɗowa ba ya tambayar tarbiyyar gidanmu, kuma dangwalawa ɗaya tana iya fitar da yaro daga manhajar zuwa inda ba mu so.

ASHE BABU ALHERI KO KAƊAN?

Akwai, kuma adalci ne mu faɗe shi. A 2019 manhajoji biyu, onebillion da Kitkit School, suka raba wata babbar kyauta bayan an jarraba su wata 15 a ƙauyukan Tanzaniya, inda yara da yawa da ba su da makaranta suka fara karatu da lissafi da Suwahili. Amma mu lura da abu biyu: yaran sun kai shekara 7 zuwa sama, kuma da harshen da suke ji aka koya musu. A 2015 kuma masu bincike a Jami'ar Cikago suka ga cewa 'yan aji ɗaya na firamare da suka riƙa amfani da manhajar Bedtime Math sun ƙaru a lissafi. Ita kuwa wannan manhaja iyaye ne ke karanta wa yaro labari da tambaya, su tattauna amsar tare.

Ga 'yan shekara 3 zuwa 5 akwai waɗanda aka gina da shawarar malamai. Khan Academy Kids, wadda ta fito a 2018, kyauta ce kuma ba ta da talla, sai dai da Turanci take. Shirin Akili and Me na ƙungiyar Ubongo ta Tanzaniya an yi shi ne domin yaran Afirka, kuma an juya shi zuwa Hausa. Darasin da ke cikin waɗannan misalai ɗaya ne: amfanin manhaja yana ƙaruwa in yaro ya ɗan tasa, in harshen nasa ne, in kuma akwai babba a gefensa.

MANHAJOJIN ALIF, BA, TA

Da yawa daga cikinmu muna samun natsuwa in manhajar ta haruffan Larabci ce ko ta gajerun surori. Niyyar tana da kyau, kuma jin karatu mai kyau yana saba wa kunnen yaro. Amma dokar koyo ba ta canzawa saboda abin da ake koyarwa. Tun asali daga baki zuwa baki ake ɗaukar karatu. Malam yana biya wa yaro, yana sauraron abin da ya fito daga bakinsa, yana gyara masa mafitar harafi, ya raba masa ha da kha, da sin da sad. Haka aka bi da mu daga babbaƙu zuwa farfaru. Manhaja tana biyawa, amma galibinsu ba sa jin kuskuren yaro, balle su gyara, kuma kuskuren da ya zauna a harshe tun ƙuruciya yana da wuyar cirewa. Sannan da yawa cikin na kyauta suna ɗauke da talla kamar sauran. Saboda haka mu ɗauke ta a matsayin mai taimaka wa bita, mu saurara tare da yaro, mu biya masa da bakinmu, malam kuma ya ci gaba da aikinsa.

MA'AUNI HUƊU

A 2015 Kathy Hirsh-Pasek da abokan aikinta suka fitar da ginshiƙai huɗu da ake auna manhajar koyarwa da su. Kafin mu miƙa wa yaro kowace manhaja, mu zauna mu yi wasa da ita da kanmu na minti 10, muna tambaya:

1. Tana sa yaro tunani, ko dangwale kawai yake yi? Mu ba da amsar kuskure da gangan. In ta yi mana tafi duk da haka, ko ta bar mu mu yi ta dangwale har mu dace, ba koyarwa take ba.
2. Tana tsare hankalinsa a kan darasin, ko tana warwatsa shi da ƙararrawa da taurari da talla?
3. Abin da take koyarwa yana da alaƙa da rayuwarsa? Zai iya ganinsa a tsakar gida?
4. Tana ba da damar a yi tare da wani, a yi magana a kai?

Mu ƙara da namu guda biyu: shin abin da ke ciki ya dace da tarbiyyarmu, kuma shin tana da ƙarshe, ko kuwa in wannan ya ƙare wani ne ke farawa da kansa?

ƘA'IDOJIN DA ZA MU KAI GIDA

1. Ƙasa da shekara 2, babu allo sai kiran bidiyo da dangi.
2. Shekara 2 zuwa 5, jimillar yini kada ta wuce awa 1, kuma duk mutanen gida su san da haka.
3. Mu zauna tare da shi. In manhaja ta ce "uku" da Turanci, mu faɗa masa da harshen gida, mu ce ya kawo cokula uku.
4. Babu waya a lokacin cin abinci, babu ita awa ɗaya kafin barci.
5. Kada ta zama maganin kuka ko ladan cin tuwo.
6. Mu sauko da abin da muka zaɓa, mu kashe data kafin mu miƙa, mu sa lambar sirri a kan saye, mu kashe kunna-kai na bidiyo.
7. Mu sanar da shi tun farko, "In wannan ya ƙare za mu ajiye," kuma mu cika alkawari ko ya yi kuka. Bayan 'yan kwanaki zai saba.
8. Mu duba kanmu. Yaron da ke kiran yayansa sau uku, yayan na kallon waya, ya riga ya ɗauki darasi.

Kada kuma wannan darasi ya zama sandar dukan iyayenmu mata. Uwar da ke tashi da asuba tana dama koko, tana suyar ƙosai, ga goyo ga mai rarrafe kusa da wuta, ba don sakaci take miƙa waya ba. Hannu ne ya yi mata kaɗan. Wanda ya ce mata ta daina, sai ya zo ya karɓi yaron. Nan ne aikinmu yake. Rabin awa bayan la'asar, mu ƙirga murafun kwalba da ƙaninmu, mu ware masa wake da masara, mu zana masa harafi a ƙasa, mu raka shi wurin kaka ya ji tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke cin data, kuma duk sun cika ma'aunan nan huɗu.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekaru biyar na farko ba sa dawowa, kuma a cikinsu ne harshe da ɗabi'a ke kafuwa. Waya kayan aiki ce, tana da wurinta in yaro ya tasa kuma muna tare da shi, amma ba a ba ta reno.

TAMBAYOYIN BITA

1. Me ya sa jarirai suka koyi sautukan Sinanci daga mutum amma ba su koya daga talabijin ba?
2. Mene ne bambancin kiran bidiyo da kallon bidiyo ga ɗan shekara 2?
3. Kawo hanyoyi uku da mai manhajar kyauta ke samun kuɗi.
4. Aikin mako: kowa ya zaɓi yaro ɗaya a gidansu, ya rubuta mintocin da ya yi gaban allo na kwana uku, daga kowace waya da talabijin. Ya kuma auna manhaja ɗaya da ma'aunan da muka kawo. Mu zo da sakamakon zama na gaba domin mu tattauna.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon riƙe amana.